Makullin Rumbu a Ƙarƙashin Tabarma

Duk wanda ya taɓa riƙe shafin WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ya san farin allon nan mai jimla ɗaya tal, wadda ke cewa an kasa haɗuwa da rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da shafin ke adana abubuwansa. Babu hoto, babu labari, ko sunan shafin ma babu. Mai shafi ya kira hankali a tashe, yana cewa an yi masa kutse ko komai ya goge. Mafi yawan lokuta babu abin da ya goge. Labaransa na nan, sunayen masu rajista na nan daram. Abin da ya samu matsala bai wuce layuka huɗu ba a cikin fayil ɗin wp-config.php: DB_NAME, DB_USER, DB_PASSWORD da DB_HOST. Wato sunan rumbun, sunan mai shiga, kalmar sirrinsa, da inda rumbun yake. Harafi ɗaya ya kauce, gida duka ya rufe.

Kowace manhajar intanet mai amfani da rumbu tana da irin waɗannan layukan, ko da wane yare aka rubuta ta. Wasu sukan harhaɗa su a jimla guda, ita ce zan riƙa kira layin haɗi. A wajen PostgreSQL, ɗaya daga cikin manhajojin rumbu, yakan zo da kamannin adireshin shafi:

postgresql://mai_shago:sirri@10.0.0.5:5432/kasuwa

A wajen SQL Server na Microsoft kuwa ana jera shi gaɓa-gaɓa:

Server=10.0.0.5,1433;Database=kasuwa;User Id=mai_shago;Password=sirri;

Lambobin nan 5432 da 1433 ƙofofi ne. Na'ura ɗaya tana iya ɗaukar hidimomi da yawa, kowace da ƙofar da take saurare. A cikin sauran manhajojin rumbu, MySQL tana tsayawa a 3306, MongoDB a 27017, Redis a 6379. Kowa ya san waɗannan lambobin, har da ɓarayi, shi ya sa na'urorinsu ke yawo dare da rana suna ƙwanƙwasa su.

Layin gajere ne, amma tarkonsa na da yawa. Ka ce kalmar sirrinka tana da alamar @ a ciki. A salon adireshi, wannan alamar ce ke raba mai shiga da wurin da rumbu yake, don haka manhaja za ta iya yanka layin a inda bai dace ba, sai an rubuta ta %40. A fayil ɗin .env, inda wasu ke ajiye irin waɗannan layukan, alamar # takan sa a ɗauki abin da ya biyo bayanta a matsayin sharhi, sai rabin kalmar sirri ya salwanta, in ba an sa ta tsakanin alamun zance ba. Sai kuma kalmar localhost, mai nufin na'urar da manhaja take kai, wadda ta ci wa mutane da yawa barcin dare. A MySQL a kan Linux, localhost da 127.0.0.1 hanyoyi biyu ne daban: na farko yana bi ta wani fayil na cikin gida, na biyu yana bi ta ƙofar 3306. A cikin akwatin Docker kuma, wato keɓaɓɓen ɗakin da ake gudanar da manhaja a cikinsa, localhost na nufin akwatin kansa, ba kwamfutar da ke ɗauke da shi ba, sai manhaja ta yi ta neman rumbu a ɗakin da ita kaɗai ce a ciki.

Waɗannan duk ƙananan ciwo ne, ana gano su a gyara a yini ɗaya. Babbar tambayar ita ce: a ina layin zai zauna?

Mai koyo yakan rubuta shi kai tsaye a cikin kod, wato rubutun umarnin manhajar, domin ya fi sauƙi, kuma yana aiki. Matsalar ita ce kod da saiti, irin su layin haɗi, ba tafiyarsu ɗaya ba. Kod ɗaya ne a kwamfutar mai rubutu, a sabar gwaji (saba ita ce kwamfutar da ke ɗauke da shafi), da sabar da jama'a ke amfani da ita. Saiti kuwa dole ya bambanta a kowane wuri. Kod ana raba shi ga abokan aiki, ana tura shi GitHub, ma'ajiyar kod ta intanet, ana ba ɗan kwangila ya duba. Saiti na ɗauke da makulli. Idan aka cuɗa su, duk inda kod ya je makulli ya bi shi.

Microsoft ta fara raba su tun da wuri. A ASP.NET na da, tsarinta na gina manhajar intanet, akwai fayil ɗin web.config, kuma daga .NET Framework 2.0 na shekarar 2005 aka keɓe wa layin haɗi sashe nasa mai suna connectionStrings, aka bar sauran ƙananan saiti a appSettings. An ma samar da hanyar kulle sashen da kayan aikin aspnet_regiis, yadda wanda ya buɗe fayil ɗin ba zai ga komai ba sai tarkacen haruffa. Ci gaba ne, sai dai fayil ɗin yana zaune ne tare da kod, kuma tare suke shiga ma'ajiya.

A 2011 Adam Wiggins, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Heroku, dandalin ɗora manhajoji, ya fitar da ƙa'idoji 12 na gina manhajar intanet. Ta uku ta ce a fitar da saiti daga kod gaba ɗaya, a miƙa wa manhaja shi ta muhallin na'urar da take gudana a kai. Ya kuma kawo ma'auni mai sauƙi: da za a ce a yanzu a saki kod ɗinka duniya ta gani, akwai sirrin da zai tonu? In akwai, ba ka gama raba su ba. Daga wannan tunanin ne al'adar fayil ɗin .env ta yaɗu, har ta zama gida-gida a kayan gina manhaja irin Laravel da Node.js da Django.

Ina ganin nan ne aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. An ce a sa saiti a muhallin na'ura, mu kuma sai muka mayar da shi fayil, muka ajiye a gefen kod, kamar mai kulle ɗaki ya tura makulli ƙarƙashin tabarmar bakin ƙofa. A masaukin haya mai cPanel, irin wanda ƙananan kamfanoni da makarantu suka fi saya saboda arha, abin da ake yawan yi shi ne a kwashe aikin Laravel dungurungum a zuba cikin public_html, wurin da duniya ke gani. Alhali babban fayil ɗin public kaɗai ya kamata duniya ta gani. Idan sabar ba ta hana ba, duk wanda ya rubuta sunan shafin ya ƙara /.env a ƙarshe zai karanta komai a burauzarsa: kalmar sirrin rumbu, ta imel, makullin biyan kuɗi. Ba a buƙatar gwaninta. A Janairun 2024 hukumomin FBI da CISA na Amurka sun fitar da gargaɗi a kan wata muguwar manhaja mai suna Androxgh0st, wadda babban aikinta shi ne yawo a intanet tana neman fayilolin .env na Laravel da aka bari a buɗe.

Akwai ɗan'uwan wannan kuskuren a WordPress. Shi wp-config.php idan aka nema ta burauza, sabar gudanar da shi take yi, ba ta nuna abin da ke ciki. Amma mai gyara mai tsoron kuskure yakan kwafe shi tukuna ya sa masa suna wp-config.php.bak ko wp-config.txt, ya manta da shi. Wannan kwafin sabar ba ta ɗauke shi kod ba, rubutu ne kawai, za ta miƙa wa duk wanda ya tambaya.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙanana ne kaɗai. A 2016 wasu masu kutse sun shiga ma'ajiyar kod ta Uber a GitHub, wadda ma ba ta jama'a ba ce, suka tarar da makullin shiga ma'ajiyar kamfanin a Amazon a rubuce cikin kod. Da shi suka kwashe bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya biya su dala dubu 100 ya yi gum, sai a Nuwamban 2017 maganar ta fito. A 2018 ya biya dala miliyan 148 don sasantawa da jihohin Amurka, a 2022 kuma kotu ta kama tsohon shugaban tsaronsa, Joe Sullivan, da laifin ɓoye lamarin. Toyota ma ta sanar a Oktoban 2022 cewa wani ɓangare na kod ɗin hidimarta ta T-Connect ya zauna a buɗe a GitHub tun Disamban 2017, ɗauke da makullin sabar da ke riƙe da adireshin imel na abokan ciniki kusan dubu 296. Kusan shekara biyar makulli na kan hanya.

Abin da masu koyo suka fi kasa ganewa game da Git, manhajar da ke adana tarihin kod, shi ne ba ya mantuwa. Aikinsa ke nan. Ka tura kalmar sirri da safe, ka lura da rana, ka goge fayil ɗin ka sake turawa, kalmar tana nan a tarihi, duk mai kwafin ma'ajiyar zai iya komawa baya ya ɗauko ta. Akwai kayan wanke tarihi, kuma GitHub yanzu yana tare wasu nau'o'in makullai kafin su shiga, amma ba ya gane kowace kalmar sirri, kuma wanki ba ya dawo da abin da wani ya riga ya kwafa. Magani ɗaya ne: a canza kalmar a rumbun kansa, tsohuwar ta mutu.

A nan ne ake gane ko an gina tsari da kyau. Ni ma'aunina ya wuce na Wiggins da taki ɗaya. Idan aka ce maka yanzu kalmar sirrin rumbu ta fita, minti nawa zai ɗauke ka ka canza ta ba tare da shafin ya faɗi ba? In amsar ita ce sai an nemo yaron da ya rubuta manhajar, wanda ya bar aiki bara, to ba a ɓoye makullin ba, binne shi aka yi. Na ga wurin da kalma ɗaya ta shekara bakwai ba a taɓa ta ba, ba don an yarda da ita ba, sai don ba wanda ya san wurare nawa aka liƙa ta: a manhaja, a rubutun da ke ɗaukar kwafin dare, a fayil ɗin Excel na akanta, a tsohon saƙon WhatsApp.

Su kansu saitin muhalli ba tsarkaka ba ne. Shafin phpinfo, mai nuna saitin saba, da aka manta a buɗe yana zayyano su. Umarnin docker inspect yana nuna su. Duk ƙaramin shirin da manhaja ta tayar yana gadon su. Idan aka bar APP_DEBUG a kunne a Laravel, ko DEBUG a Django, kuskure kaɗan zai sa shafi ya baje wa baƙo cikin manhajar. A Kubernetes, tsarin kula da akwatunan manhaja, abin da ake kira Secret, in ba a ƙara saiti ba, zuwa salon rubutun base64 kawai aka juya shi, wanda kowa zai iya warwarewa cikin daƙiƙa. Shi ya sa aka samu ma'ajiyun sirri na musamman irin Vault na HashiCorp, Key Vault na Azure da Secrets Manager na Amazon, inda manhaja ke zuwa ta nuna shaidarta ta karɓi makulli, ana kuma rubuta wanda ya karɓa da lokacin da ya karɓa. Wasu sun wuce nan ma: manhajar da ke gudana a Azure ko Amazon tana iya shiga rumbu da shaidar da dandalin ya ba ta, babu kalmar sirri a layin haɗi sam. Abin da babu shi ba a sace shi. Sai dai gaskiya, mai shafin makarantar sakandare a masaukin haya ba ya buƙatar Vault. Ya fitar da fayil ɗin saiti daga public_html, ya sa shi a .gitignore don kada Git ya ɗauke shi, ya kashe nunin kuskure, ya riga ya toshe yawancin ramukan.

Wani tarko na zamani ya shafi masu rubuta fuskar shafi da React ko Next.js ko Vite. Suna ganin fayil ɗin .env sai su ɗauka duk abin da ke ciki sirri ne. Amma duk sunan da ya fara da NEXT_PUBLIC_ ko VITE_ ana ɗinka shi ne cikin kod ɗin da ake aika wa burauzar kowane baƙo. Masu haɗa biyan kuɗi da Paystack sun san makulli iri biyu ne, mai farawa da pk_ na fili da mai farawa da sk_ na sirri. Na biyun in ya shiga fuskar shafi, ya zama na kowa.

Yanzu a ce an ɓoye komai da kyau. Saura tambayar da ta fi wahala a ranar rikici: wane saitin manhajar take amfani da shi a yanzu? A ASP.NET Core, wanda ya fito a 2016, saiti hawa-hawa ne. Ana fara karanta appsettings.json, sai fayil na muhalli irin appsettings.Production.json, sai sirrin mai rubutu idan a kwamfutar gwaji ake, sai saitin muhallin na'ura, sai abin da aka rubuta a layin umarni. Wanda aka karanta daga baya yana danne wanda aka fara karantawa. Tsari ne mai kyau, amma ka iya gyara appsettings.json sau goma babu abin da ya canza, domin wani ya taɓa sa ConnectionStrings__Default a sabar, da jan layi biyu a tsakiya, shi ne ke mulki. A Laravel kuma, da zarar an gudanar da php artisan config:cache, manhajar ta daina leƙa .env. Ka canza kalmar sirri a fayil, ita tana riƙe da tsohuwa. Duk wurin da aka kira env() a wajen fayilolin config kuma sai ya dawo hannu rabbana.

Haɗarin rashin sanin inda ka dosa ya fi na faɗuwar shafi. Shafin da ya faɗi kowa ya gani. Manhajar gwaji da ke haɗe da rumbun gaske ba ta kuka, sai ranar da aka gudanar da umarnin share tebura don a fara gwaji da sabo. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, cikin gajiyar dare, ya share bayanai a babbar sabar rumbu yana zaton a ta biyu yake. Kafin ya tsayar da umarnin kusan gigabait 300 sun tafi, kamfanin ya yi asarar bayanan sa'o'i shida. Ba layin haɗi ne ya jawo wannan ba, amma ciwon ɗaya ne. Shi ya sa nake ƙin al'adar sa saitin gaske a matsayin na fari, wato wanda ake kamawa in ba a ce komai ba, a cikin fayil. Gara manhaja ta ƙi tashi, ta ce ba a ba ta layin haɗi ba, da ta yi shiru ta kama wanda ta tarar.

Akwai wata gaɓa a layin haɗi da ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Ita ce tsarin haruffa. Shekara da shekaru MySQL tana zuwa da latin1 a matsayin na fari, wanda aka yi don harsunan Yammacin Turai, sai a siga ta 8.0 ta 2018 aka koma utf8mb4. Babu haruffanmu masu lanƙwasa a latin1, babu alamar naira, balle ajami. Kuma ba tebur kaɗai ke da tsarin haruffa ba, haɗin kansa yana da nasa. Idan suka saɓa, ko dai ƙ ta koma alamar tambaya, wanda ke nufin ta tafi har abada, ko kuma ta fito da wata kama. A UTF-8 harafin ƙ baiti biyu ne, idan aka karanta su da idon latin1 sai "ƙasa" ta zama "Æ™asa". Duk wanda ya saba karanta shafukan Hausa ya taɓa cin karo da wannan dagwalon. Sau da yawa ana ɗora laifin a kan font ko wayar mai karatu, alhali gyaran bai wuce charset=utf8mb4 a layin haɗi ba, ko DB_CHARSET a WordPress. Abin da MySQL ta daɗe tana kira utf8 kawai, mai baiti uku, yana ɗaukar haruffanmu, amma ba ya ɗaukar emoji. Ina zargin wannan matsalar na cikin abin da ya sa wasu shafukan suka haƙura da lanƙwasa gaba ɗaya, suka bar mai karatu ya raba "kafa" da "ƙafa" da kansa.

Sai batun yawan haɗi. Buɗe haɗi da rumbu yana da tsada: gaisuwa, nuna shaida, kulla rufaffiyar hanya. Don haka manhaja takan ajiye haɗe-haɗe a buɗe tana ba da aro, kamar guga a bakin rijiyar unguwa, ka ja ruwa ka ajiye wa na baya. A .NET iyakar gugunan 100 ce in ba a canza ba, a HikariCP na Java 10. Shi kuma rumbu yana da tasa iyakar: PostgreSQL 100, MySQL 151. Yi lissafi. Kasuwa ta buɗe, an tayar da kwafin manhaja huɗu, kowanne na ganin yana da izinin guga 100, rijiya kuwa mutum 100 take ɗauka. Ranar da aka saki sakamakon jarrabawa ko aka buɗe rajista, ranar ce za a gane. Idan kuma akwai wurin da kod ke ɗaukar guga bai mayar ba, a hankali za su ƙare, kowane baƙo ya jira daƙiƙa 15 sannan ya ga kuskure. Abin da aka saba yi shi ne a ƙara lambar Max Pool Size, wanda jinkirta ranar kawai yake yi. Wani abin mamaki a .NET: ana ware tarin haɗi ne bisa rubutun layin harafi da harafi, ko jerin gaɓoɓin ka sauya, sabon tari ka buɗe.

Na bar maganar rufaffiyar hanya zuwa nan saboda ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A ƙarshen 2021 Microsoft ta sauya ɗabi'ar Microsoft.Data.SqlClient a siga ta 4.0, ya zama ana rufe hanya kai tsaye. Manhajoji da yawa suka fara ƙorafin ba su yarda da takardar shaidar sabar ba. Maganin da ya yaɗu shi ne a ƙara TrustServerCertificate=True, kuskure ya ɓace, kowa ya koma barci. Ma'anar wannan gaɓar ita ce: ka rufe hanya, amma kada ka tambayi wanda ke ɗaya bakin ko wane ne. A kwamfutar gwaji babu laifi. A PostgreSQL ma na farin shi ne sslmode=prefer, wato a rufe in ya samu, in bai samu ba a wuce haka. Wanda ke duba takardar shaida da sunan saba shi ne verify-full, kuma sai ka rubuta shi da hannunka.

Duk wannan yana komawa kan sunan da ke cikin layin. Yawancin layukan haɗin da na gani a ƙananan ayyuka da root suke shiga, ko sa, ko postgres, wato mai gida baki ɗaya. Manhajar da aikinta karanta labarai da rubuta sharhi ba ta da dalilin riƙe ikon share rumbu ko ƙirƙiro sababbin masu shiga. A ba ta nata sunan mai iyakataccen iko. A ba aikin sauya fasalin tebura wani sunan, mai fitar da rahoto wani mai karatu kawai. A kuma sa rumbun ya ƙi amsa kowa sai adireshin sabar manhaja, yadda ko layin ya fita, wanda ya tsince shi zai tarar da ƙofa ba ta kallon titi.

A Najeriya dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin sa'o'i 72 da gano kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Kwana uku ke nan, kuma a cikinsu za a nemi sanin abin da aka ɗauka da ta inda aka shiga. Wanda manhajarsa da akantansa da ɗan kwangilarsa duk da root suke shiga, kundin rumbun suna ɗaya zai nuna masa daga sama har ƙasa.